Kwandon gona duk Asabar, watanda duk wata: yaya zan tsara girkin mako?

Maman 'Yan Biyu, Aboabo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga irin wannan harka, don ni kam ta fara fin ƙarfina.

A watan Maris muka haɗa kai, mu gida 7 a layinmu nan Aboabo, cikin Kumasi. Ƙanin mijin maƙwabciyata yana noma a wani ƙauye tsakanin Mampong da Ejura. Muka tara masa kuɗi tun kafin ruwa ya zauna, ya sayi iri da taki, shi kuma duk Asabar ya ɗoro mana abin da gona ta bayar a mota, yaro ya je tasha ya ɗauko a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, mu kasa bakwai a tsakar gidan maƙwabciyar. Sharaɗin ɗaya ne, ba ka zaɓe. Abin da ya nuna shi za ka gani. Da mazanmu suka ga haka sai suka ce ba za a bar su a baya ba, suka tada watanda a masallaci. Ƙarshen kowane wata a sayi sa a mayankar Kaase, a yanka, a kasa 20. Kasonmu yakan kai laba 12, har da ƙashi da kayan ciki.

A baki abin gwanin daɗi. Ga yadda yake a ƙasa. Asabar da ta wuce na samu ƙullin kontomire (ganyen gwaza) biyu manya, ayoyo ƙulli uku, yalo ya kusa rabin bokiti, kuɓewa, rogo 5, ɗanyar masara 10, attaruhu, ɗan tumatir, da sabuwar doya guda biyu. Mu shida ne a gida: ni, maigida, surukata, 'yan biyu masu shekara 9, da auta. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ƙarfe 7 na fita, ba na dawowa sai wajen biyar da rabi, in turoturo, motar haya, ta yi mini adalci ke nan.

Ran Laraba na buɗe ledar ayoyo zan yi tuwo, sai na tarar ya narke ya zama baƙin ruwa, warinsa har ɗakin Mma, surukata. Rogon da na fere duk ya yi baƙin zane a ciki. Mma ba ta ce komai ba, ta dai leƙa bokitin shara ta ce "Allah ya kyauta", ta koma ɗaki. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Naman ma haka. Na zuba shi duka a leda ɗaya na jefa firiza, ya daskare ya zama dutse guda. Duk ranar da nake son ɗan yanka biyar sai na fito da dutsen gaba ɗaya ya saki, in yanka, in mayar. Sai aka ɗauke wuta dare da yini, na tashi na ga jan ruwa a ƙasan firiza. Dole na soye shi duka a ranar, kuma kun san soyayyen nama a gidan da ke da yara. Kwana 12 ya yi.

Tun ina amarya ina da tsarina. Litinin wake da shinkafa, Talata banku (tuwon ƙullun masara mai tsami), Laraba tuwon zafi, Alhamis dafa-duka, Juma'a tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, Lahadi fufu. Har yanzu shi nake bi. To in Litinin ta zo sai in ga ba abin da kwandon ya kawo na wake da shinkafa, in biya kasuwar Aboabo in sayo, kayan gona kuma suna can suna mutuwa. Ashe biya biyu nake yi. Maigida ya fara tambaya ina ribar take, ni kuma ban da amsa. Ku da kuka saba, yaya kuke yi?

Tsohuwar Mai Tuwo, Asawase

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa, in kin ga kuskure nata ne.

Shekara 30 na yi ina sayar da tuwo, kuma ban taɓa yanke miyar gobe ba sai na ga abin da ya sauka a kasuwa. Ke kin rubuta mako tun kwando bai iso ba, kina so gona ta bi takardarki. Gona ba ta iya karatu ba. Ajiye wancan tsarin na amarci, ya yi aikinsa.

Ran Asabar in kin dawo da kasonki, kada ki tura shi lungu ki ce sai kin huta. Shimfiɗa buhu a ƙasa, juye komai, ki kasa uku. Masu gaggawa, masu ɗan haƙuri, da masu haƙurin gaske. Makonki ke nan ya rubuta kansa.

Masu gaggawa su ne ayoyo, alayyafo, ɗanyar masara da rogo. Masara a daren nan za ki dafa ta ko ki gasa, don zaƙinta guduwa yake tun daga lokacin da aka karye ta, in ta kwana biyu sai ki ji kamar kina tauna dusa. Ayoyo kuwa leda ce ta kashe miki shi, ba Laraba ba. Ganye yana numfashi, in kin ɗaure shi a leda zufa yake yi ya dafa kansa. Kwance ƙullin, baza shi a faranti a inuwa, kuma kada ruwa ya taɓa shi sai za a dafa. Abin da ya fi, ki sa 'yan biyun su tsinke miki shi a daren Asabar, ai sun isa. Ki yanka, ki dafa da 'yar kanwa kaɗan da daddawa, minti kaɗan ne, ki kaɗa, ki bar shi ya huce. Rabi ku ci da tuwo a daren, rabi a roba zuwa firiza. In Laraba ta zo kika ɗumama shi a wuta kaɗan, yauƙinsa yana nan. Amma kada ki cika kanwa, tana sa shi ɗaci.

Rogo ba ya wuce kwana biyu zuwa uku bayan an tone shi, baƙin zanen da kika gani ke nan. Kin ci sa'a fufunki dama Lahadi ne, bar shi a nan. Wanda ya rage ki fere a ranar, ki wanke, ki sa a firiza. In ba wuri, jiƙa shi a ruwa ki riƙa canja ruwan kullum, zai kai ki kwana biyu.

Kontomire Litinin. Shi ya fi ayoyo jimiri amma da ya fara rawaya ya tafi. Kuma ki dafa shi ya dahu sosai, in ba haka ba ya yi wa yara ƙaiƙayi a maƙogwaro su tsane shi har abada. Ki koyi abin da maƙwabtanmu Tonawa suke yi, don ganyensu ne, sun fi mu saninsa: a tafasa shi, a niƙa a asanka, kaskon niƙa na ƙasa, da attaruhu da albasa da ɗan kobi, wato busasshen kifin gishiri, a zuba manja mai zafi a kai, a ci da dafaffiyar doya. Abom suke ce masa. Kafin doya ta dahu kin gama, ya dace da macen da ta dawo daga Kejetia a gajiye.

Kuɓewa Talata, ga bankunki ya samu miya. Ita ma ba ta son ruwa, in ta jiƙe baƙi take yi. Kada ki ce za ki shanya ta yanzu, iskar Kumasi a damina fumfuna za ta sa mata. Shanya sai hunturu.

Yalo da doya da kabeji, waɗannan ki bar su ƙarshen mako, ba inda za su. Sai dai sabuwar doya ruwa gare ta, ba ta da ajiya kamar tsohuwa, in ta ji rauni wajen tono to ta nan za ta fara ruɓa. Duba jikinta, mai rauni ita ce ta farko a tukunya. Kada ki ajiye ta a kan siminti, ɗora ta a kan katako.

Juma'a kuwa ki bar tuwon shinkafarki da miyar gyaɗa yadda suke. Ranar ce kwando ya ƙare, gyaɗa kuma ba ta jiran gona. Ki gaishe mini da surukar taki, kin yi dacen mai kawaici.

Mahauci, Kaase

Hajiya sannu da ƙoƙari. Maganar ganye na bar wa Mma mai tuwo, ni nama na sani.

Laba 12 kusan kilo 5 da rabi ke nan. Mutum shida, wata guda. Gaskiya ɗaya ce, ba zai ba ku nama kullum ba, kuma duk wanda ya ce zai ba ku yaudararki yake. Kwana uku a mako za ki sa a ranki, sauran ranaku ga kifin amane, ga kifi banda, ga ƙwai, ga cukun wagashi, ga wake.

Ranar da aka kawo shi kada ki yi sauri zuwa firiza. Zuba shi a kwando mai huji, ɗora a kan roba, ya tsane na ɗan lokaci a wuri mai iska. Sai ki ware. Hanta, ƙoda, huhu, tumbi da hanji gefe guda, waɗannan ba na ajiya ba ne, a ci su a ranar ko washegari. Hanta a soya wa surukarki da yara da albasa, sauran a yi farfesu ko a zuba a miyar tuwo. Kuma kada ki taɓa haɗa tumbi da tsoka a leda ɗaya, warinsa yake ba ta, shi ne kuma yake fara lalacewa ya ja sauran.

Abin da ya rage ki kasa shi tukunya-tukunya. Leda ɗaya, girki ɗaya. Za ki samu ƙulli 10 zuwa 12. Kowane ƙulli ki danne shi ya yi faɗi kamar tafin hannu, kada ki dunƙule shi, don mai faɗi ya fi saurin daskarewa ya fi saurin saki. Na ƙashi da haƙarƙari daban, su ne na miyar gyaɗa da miyar fufu, ƙashi shi ke ba miya rai. Tsoka zalla ta miyar tumatir da dafa-duka. Ganda da ƙafa su ne na kuɓewa. Ki ɗaura wa na ƙashi zare ko ki sa leda mai wani launi, don in sun daskare duk kamarsu ɗaya. Da safe kafin ki fita ki sauko da ɗaya ki sa a firij, ba a kan tebur ba. Abin da kike yi da, na fito da shi ya saki a mayar, shi ne ya fi komai haɗari, Allah ne ya tsare ku.

Maganar wuta. Mu da muka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 a wannan sana'a mun koyi darasi da kuɗinmu. Firiza cikakkiya in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi wajen kwana biyu, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya. To ki cika gorunan ruwa ki jera a duk inda ya rage fili, su zama ƙanƙara. In an ɗauke wuta ki hana kowa buɗewa, har maigida mai neman ruwan sanyi.

In kuma har yanzu hankalinki bai kwanta ba, ki yi wa kashi ɗaya cikin uku irin na layya. Tafasa da gishiri da citta da tafarnuwa, soya har ya bushe ƙarau, ki zuba a tukunya mai murfi. Romon kada ki zubar, shi ne dafa-dukarki. Inda za ki ɓoye tukunyar daga 'yan biyu, wannan ba fannina ba ne.

Sai ki gaya wa maigida abu ɗaya ya kai masallaci. Sa ɗaya tozo ɗaya gare shi, bindi ɗaya, harshe ɗaya. In ba a rubuta wanda ya samu wannan wata ba, to gida ɗaya ne zai riƙa samu kullum, kuma an san ko wane gida ne. Na ga watanda da yawa ta watse a kan bindi. A yi juyi, a rubuta a littafi.

Maman 'Yan Biyu, Aboabo

Mma na gode, Allah ya ƙara girma. "Gona ba ta iya karatu ba", tun ɗazu nake dariya ni kaɗai a shago har maƙwabciyata ta leƙo. Malam mahauci kai ma na gode. Maganar bindi kamar kana wurin, wata huɗu ke nan ko ƙyallinsa ban gani ba.

Ɗan Manomi, Tafo

Yaya, ni ta ɓangaren mai gonar zan yi magana, don babanmu ya yi irin wannan da wasu gidaje kuma na ga inda ake samun saɓani.

Rabin wahalarki za ta tafi da saƙon murya ɗaya. Manomi ya san abin da zai cira tun ran Alhamis. Ku roƙe shi ya riƙa turo wa mutum ɗaya saƙo a WhatsApp a daren Alhamis, ita kuma ta watsa muku. Kin ga ran Juma'a in za ki baro Kejetia kin san ko kobi za ki saya ko gyaɗa, kin daina sayen abin da gobe zai zo miki kyauta. Albasa dai kullum za ki saya, yawancin wadda muke ci a nan daga Nijar da Bawku take zuwa.

Ku kuma gaya masa ya bar ganye ya zama na ƙarshen cira, yammacin Juma'a ko asubar Asabar, kuma a kwando za a sa shi a saman kaya, ba a buhu a ƙarƙashin doya ba. Rogo kuwa ba dole ba ne kowane gida ya samu kowane mako. A ƙasa yana iya zama wata da watanni lafiya lau, tono ne ke fara kashe shi. Gida huɗu wannan mako, uku mako mai zuwa.

Sannan ki san abin da ke tafe, kada ki zargi bawan Allah. Damina biyu gare mu a nan, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Yanzu lokacin ganye ne da masara da yalo, doya kuma yanzu ta fara, za ta yi ta ƙaruwa. Agade, wanda ake ce wa borode, bai yi yawa yanzu ba, sai ƙarshen shekara za ki gan shi har ki gaji. In ya zo kada ki haɗa shi da tumatir a rufe, nan da nan zai nuna duka lokaci ɗaya. Daga Disamba kuwa in gonarsa ba ta kusa da rafi, ganye zai ɗauke. Lokacin ne ma tumatirin kasuwa yawancinsa daga Burkina Faso ake kawo shi. Ku zauna da shi tun yanzu ku yanke: a rani za a tsaya ne, ko za a koma doya da rogo da busasshiyar masara duk mako biyu? In ba ku yi maganar yanzu ba, a Janairu da faɗa za a yi ta.

Ma'aikaciyar Jinya, Sabon Zongo

'Yar'uwa, ni zan ɗan saɓa. Na yi irin wannan shekara ɗaya na fita. Duk abin da Mma mai tuwo ta faɗa gaskiya ne, amma ki lura duk aikin a daren Asabar yake, kuma Asabar ita ce ranar da kasuwarki ta fi ci. Ni ina aikin dare, sau da yawa sai in dawo in ga kwando ya yini a rana. Ba kunya ba ne ki ce kaso ɗaya ya yi miki yawa. Ki nemi wadda za ku raba, ko ki roƙa a mayar da ranar sauke kaya Lahadi. Ki riƙe littafi wata ɗaya, ki rubuta abin da kika zubar da abin da kika ƙara saya, sai ki ba maigida amsa da lissafi. In lissafin bai fita ba ki fita, zumunci ba ya cikin yalo.

Maman 'Yan Biyu, Aboabo

Na dawo da labari, mako ɗaya cur.

Daren Alhamis saƙo ya zo. Mai gonar ma ashe daɗi ya ji, ya ce shi dama yana mamakin yadda ba wanda ya taɓa tambayarsa. Asabar na rufe shago ƙarfe 3 maimakon biyar, na san na yi asarar ciniki, 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya na rubuta shi a littafin kamar yadda kika ce. Na juye kaya a buhu na kasa uku. Ina cikin yi sai ga Mma surukata ta fito da kujerarta 'yar tsugune, ba ta ce mini uffan ba, ta jawo farantin ayoyo gabanta ta fara tsinka. Hannunta kamar inji, kafin 'yan biyu su gama ƙulli ɗaya suna faɗa a kan wa ya fi yawa, ta gama biyu. Can sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "da kin tambaye ni ai." Shekara 11 muna gida ɗaya da matar nan, ashe jira take.

Daren nan tuwon zafi da ayoyo, masara kuma aka gasa a gawayi bayan isha'i, auta ya ci biyu ya yi barci da ta uku a hannu. Lahadi fufu da ƙashin da na saya, tunda namu na watanda ya riga ya tafi. Litinin na gwada abom da doya. Na aro asanka a wurin wata maƙwabciya, ta tsaya a kaina tana gyara mini riƙon muciyar niƙan tana dariya. Maigida ya dubi kwanon ya ce yau kuma ina wake da shinkafar, amma ya side shi tas. Talata banku da kuɓewa. Laraba ragowar ayoyo, yauƙinsa na nan kamar yadda aka ce. Alhamis na mayar da wake da shinkafa can, karan dafi da wake ba sa ruɓewa, na yanka kabeji a kai. Abin da na zubar duk makon tumatir uku ne, su ma a fashe suka zo.

Watanda Asabar mai zuwa ce. Na sayi ledoji kala biyu, goruna takwas suna firiza sun daskare, maigida kuma ya kai maganar littafi masallaci. Ya ce da ya ambaci bindi wuri ya yi tsit.

Saura yalo. Na yi miyarsa, na niƙa shi a asanka, na ba yara ɗanye da tunkuza, na aika wa gidan liman, kuma har yanzu ga roba guda tana kallona, jiya kuma saƙo ya zo wai wannan makon ya fi na baya yawa. Akwai wadda take so mu yi musaya da kuɓewa? Ina layin bayan kasuwar Aboabo, yaro zai kawo har gida.